Bencin Ƙofar Gida da Dajin da Ake Saro Katakonsa

Shekaru kaɗan da suka wuce mu 'yan majalisar ƙofar gidanmu muka yi karo-karo, muka ba wani kafinta aikin benci biyu. Dattawan cikinmu gwiwa ta fara hana su tashi daga tabarma sai da dafa ƙasa. Muka ce masa katako mai ƙwari muke so, wanda zai kwana a waje rani da damina, ya ce madaci zai sa mana. Ranar da aka kawo su kowa ya yaba, jajaye ne, sai sheƙi suke yi da banish. Hunturun farko ya tsaga falankin zama daga baki har kusan tsakiya, kawunan ƙusoshi suka leƙo suna kama riga. Da ruwa ya sauka gara ta hau ta ƙafafu. Kafin a ci sabon gero na shekara ta biyu, ɗaya daga cikinsu ya koma murhu.

A cikin gidan nan kuwa akwai turmin kakata, na ƙirya. Ya girme ni. A tsakar gida yake kwana, ruwan Agusta ya dake shi, ranar bazara ta gasa shi, har yau ana daka a ciki. Bakinsa ne kawai ya sulɓe saboda hannu da taɓarya.

Wanda ya ga waɗannan biyun zai ce ai magana ta ƙare: a nemi ƙirya, ko madobiya, ko kawo, a huta. Nan ne gizo ke saƙar. Itatuwan da suka fi jure rana da ruwa a ƙasarmu su ne waɗanda suka fi jinkirin girma, kuma su ne gatari da injin yanka suka fi bi. Don haka mai neman kujerar waje, ko ta lambu ce, ko ta harabar masallaci, ko ta wurin shan shayi, tambaya biyu ke gabansa lokaci guda: shin katakon zai daɗe, kuma daga ina aka saro shi? Abin da na fahimta bayan asarar nan tamu shi ne, sunan itace shi kaɗai ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Na ɗauki guntun ƙafar bencin da gara ta ci na kai wa wani tsohon kafinta a unguwarmu, mutumin da ya fara riƙe zarto tun ba a haife ni ba. Ya juya shi, ya kankare banish ɗin da wuƙa, sai ga fari tas a ƙarƙashi. Ya ce, "Ɗana, wannan ai gefe ne aka shafa wa launi. Madacin ne, bai yi maka ƙarya ba, amma ba zuciyarsa ya ba ka ba." Na ce, "Baba, ashe itace ɗaya yana da iri biyu?" Ya jawo wani gungume daga ƙarƙashin teburinsa ya nuna mini bakinsa: da'ira mai duhu a tsakiya, farin zobe kewaye da ita, sannan ɓawo. Ya danna farcensa a farin, ya shiga. Ya danna a jan, ko alama.

Abin da ya nuna mini da farce shi ne tushen ilmin gaba ɗaya. Farin gefen nan shi ne sashen itace mai rai, ta nan ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye, a nan kuma itacen ke ajiye abincinsa. Abincin nan ne ke kiran gara da ƙwaron da ke huda katako yana zubo da gari. Idan itace ya manyanta, zoben ciki sukan daina aiki, sai ya cika su da ƙaro da mai da wasu sinadarai masu ɗaci, su ne ke ba zuciyar launinta, su ne kuma ke korar ƙwari da ruɓa. A Turai akwai ma'aunin ƙarkon katako mai hawa 5, inda ake kafa sanduna a ƙasa a ga tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su ruɓe. Kawo da opepe na kurmin Kudu da tik, itacen Asiya, na asalin daji suna hawa na 1, wato mafi ƙarko, loko, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, yana tsakanin 1 da 2, obeche, farin katako mara nauyi, yana can hawa na 5. Amma ma'aunin zuciya kawai yake aunawa. Farin gefe, ko na wane itace ne, ana lissafa shi a hawa na ƙarshe. Ke nan falankin loko mai farin baki ba shi da fifiko a kan obeche a daidai wurin da farin yake, kuma daga nan ɓarnar ke farawa.

Wannan ne ya sa sarar ƙananan itatuwa ta zama asara riɓi biyu. Ƙaramin itace yawancinsa fari ne. An raba daji da itacen da bai kai ga yin 'ya'ya sosai ba, an kuma sayar wa mutum katakon da ba zai yi shekara uku ba, sai ya dawo kasuwa, a sake saro wani.

Sai batun ruwan da ke cikin katakon, wanda a Arewa ya fi gara ɓarna. Ɗanyen itace wani lokaci kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Yana bushewa ba ya canja girma har sai danshinsa ya sauko wajen kashi 30 cikin 100, daga nan ne yake fara tsukewa, kuma ba daidai yake tsukewa ta kowane ɓangare ba: ta kewayen zobe yakan ninka abin da yake yi daga tsakiya zuwa baki, ta tsawo kuwa kusan babu. Wannan rashin daidaito shi ke sa falanki ya lanƙwashe kamar kwami ko ya tsage. Mafi yawan katakon da ke kasuwanninmu daga Kudu ake lodo shi, daga ƙasar da iskarta ke cike da laima, sau da yawa kwanaki kaɗan bayan an yanka shi. Ya iso Kano ko Katsina ko Maraɗi a watan Janairu, lokacin da laimar iska kan faɗo ƙasa da kashi 20 da rana, leɓe yana tsagewa balle katako. Kafinta ya saya yau ya buga ƙusa gobe. Katakon zai ƙarasa bushewarsa ne a jikin bencinka, yana ja, ƙusa tana riƙewa, dole ɗaya ya ba da kai. Masu aikin ƙwarai sukan jera falankai a inuwa, su sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, su shafe bakunan da fenti don kada su riga ciki bushewa, su bar su watanni. Kuɗi ne kwance, shi ya sa ba kowa ke yi ba, shi ya sa kuma aikinsu ya fi tsada.

Ruɓa ita ma lissafin ruwa ce. Naman gwarin da ke ruɓar da katako ba ya iya aiki in danshin bai haura kashi 20 ba. A ƙasarmu watanni uku zuwa huɗu ne kawai ake da wannan matsala, sai dai in ƙafar kujera tana zaune a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko an yi ta yadda ruwa zai kwanta a kai.

To, mu dawo kan itatuwan da kowa ke sha'awa. Labarin madobiya ya isa darasi. Mun san ta da furenta mai ruwan ɗorawa da ke fitowa cikin sanyi lokacin da ta kakkaɓe ganye, da jan ƙaronta mai kama da jini, da ganyenta da Fulani ke sassabo wa shanu a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Katakonta mai nauyi ne, mai zane, gara ba ta kusantarsa. Sai ya kasance tana cikin jerin itatuwan da ƙasar Sin ta amince da su a matsayin jan katako na alfarma, wanda ake yin kayan ɗaki irin na sarakunansu na da. Da dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya suka yi ƙasa, 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma, suka bi ta Gambiya da Kasamas ta Senegal, da Gini Bisau, da arewacin Gana, da Benin, kafin su sauka Nijeriya. Wajen 2014 zuwa 2017 Nijeriya ta zama kan gaba wajen fitar da ita. Da sunan kosso aka san ta a wannan ciniki. Wanda ya bi hanyoyin Taraba a shekarun nan, ta Bali da Garba Chede, ya ga tulin gungume a bakin titi da tireloli suna jiran lodi zuwa Legas. Aka share jihar Kogi, aka shiga Taraba da Adamawa, har sara ya kai gefen gandun dajin Gashaka Gumti. A 2017 ƙungiyar binciken ɓarnar muhalli ta EIA ta fitar da rahoton cewa gungume sama da miliyan 1.4 daga Nijeriya, waɗanda aka tsare a tasoshin jiragen ruwan Sin, an sake su ne da takardun izini da aka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun bar ƙasar.

Inuwar giginya, na nesa ka sha. Saurayin da ya kayar da itacen da ya shekara hamsin ko fiye ya karɓi abin da bai wuce kuɗin cefanen 'yan kwanaki ba, makiyayi ya rasa abincin shanunsa na bazara, tudun ya zama fili ruwa yana zaizaye shi, ribar kuwa tana can ƙetaren teku.

Duniya ta motsa, ko da yake a makare. Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa madobiya a rukuninta na 2 a taron Johannesburg na 2016, dokar ta fara aiki a farkon 2017. A 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya, a 2022 ƙofar ta rufe ga kusan dukkan ƙasashen da take fitowa. A taron Panama na Nuwamban 2022 kuma aka ƙara dangin madaci da dangin kawo na Afirka a rukunin. Akwai abin da ya kamata mai saye ya gane a nan. Rukuni na 2 ba haramci ba ne, sharaɗi ne cewa kafin a fitar da kaya waje sai hukumar ƙasar ta tabbatar sarar ba za ta cutar da wanzuwar itacen ba. Kuma yarjejeniyar a bakin iyaka take aiki. Falankin kawo da aka yanka a jihar Neja aka sayar a Kaduna ba ruwan CITES da shi. Abin da jerin ke gaya mana, mu na cikin gida, shi ne waɗannan itatuwa uku suna raguwa har duniya ta lura, kuma idan an toshe hanyar teku, kasuwar gida ce ke shanye abin da ya rage.

Mutum zai ce, to me ya hana a dasa su? Ana ƙoƙari, amma akwai dalilin da ya sa ba ka ganin gonar loko ko ta madaci mai faɗi a ƙasar nan. Loko in aka dasa shi da yawa wuri guda, wani ɗan ƙwaro yakan afka wa tohonsa, ganyen ya dunƙule ya yi ƙululu, dashen ya tsumbure. Madaci kuma wata tsutsa ce ke huda kan tohonsa, sai ya yi rassa tun yana ƙasa maimakon ya miƙe ya ba da gungume. Abin da ke ci mini rai shi ne, madacin nan namu, wanda Turawan mulki suka jera a titunan Kano da Zariya da Kaduna, wanda muke ɓare wa ɓawo don magani har ya bushe a tsaye, shi ne ake nomawa a dubban kadada a arewacin Ostareliya don katako. Ƙirya kuwa jinkirin girmanta ya sa ba mai dasa ta, ga maƙera da masu gawayi sun fi son ta a kan kowane itace, ga 'ya'yanta ana daddawa da su a Binuwai da wasu sassa. Turmin kakata an sassaƙa shi lokacin da ƙirya ke ko'ina a bayan gari. Yau masassaƙi sai ya yi tafiya mai nisa, shi ya sa wasu suka koma kan kaɗanya da ɗorawa da tsamiya, itatuwan da amfaninsu a tsaye, ga matan da ke tsintar 'ya'yansu kowace shekara, ya fi duk kujerar da za a fitar daga jikinsu. Ni dai ba zan zauna a kan bencin kaɗanya da daɗin rai ba.

A ƙasashen da aka tsara abin, mai saye yakan duba tambari. Ƙungiyoyin ba da shaidar katako, FSC, wadda aka kafa a 1993, da PEFC, ta 1999, sukan tura masu bincike su duba yadda ake kula da daji, sannan a bi sawun katakon daga kututture zuwa shago. Akwai dazuzzuka masu wannan shaida a Gabon da Kongo Brazabil da Kamaru, kuma Gana ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Turai tun 2009 kan tabbatar da halaccin katakon da take fitarwa. Tsarin ba ya rasa masu suka, an sha kama masu tambari da laifi, amma ya fi babu. Wanda zai sayi kujerun lambu na shigowa da su daga waje, musamman masu otal da wuraren shaƙatawa, ya kamata ya nemi lambar shaidar, ba hoton ganye a jikin kwali ba. Ya kuma lura da tik. Mafi shahara shi ne na Myanmar, wanda ta hana fitar da gungumensa a 2014, kuma bayan juyin mulkin 2021 Amurka da Tarayyar Turai suka sa wa kamfanin katako na gwamnatin ƙasar takunkumi. Tik ɗin tsibirin Jawa na Indonesiya kuwa na dashe ne tun zamanin mulkin Holan. Suna ɗaya, itace ɗaya, tarihi daban.

Sai dai ni ban taɓa ganin irin wannan tambari a jikin falanki a kasuwar 'yan katako ta garuruwanmu ba. A Nijeriya gandun daji a hannun jihohi yake, su ke ba da izinin sara, ma'aikatansu ke buga hatimin guduma a bakin gungumen da aka biya wa haraji. Kafin katakon ya zama tu-bai-fo a kasuwar Na'ibawa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, hatimin ya tafi da ɓarin da aka yanke. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya zaɓi irin itacen da kusan dole daga dashe ya fito. Wannan ita ce dabarar da na ga ta fi dacewa da halin da muke ciki.

Tik ba ɗan ƙasar nan ba ne, daga Asiya aka kawo shi zamanin Turawa, saboda haka duk tik da ka gani a kasuwarmu wani ne ya dasa shi. Akwai shi a Olokemeji ta jihar Ogun, da wurare da dama a Oyo da Ondo da Kwara, da gandun Nimbiya a kudancin Kaduna. Yana da mai a jikinsa wanda ke sa ruwa ya zame, ba ya yawan motsi tsakanin rani da damina, ba ya sa ƙusa tsatsa, kuma in aka sare shi kututturen yakan sake toho. In aka bar shi a rana ba shafi, yakan koma launin toka, wannan ba lalacewa ba ce, fatar waje ce kawai. Aibinsa biyu ne. Na farko, wanda aka sare yana ɗan shekara goma sha biyar farinsa yana da yawa, zuciyarsa ma ba ta kai ta tsoho ƙarko ba. Na biyu, kasancewarsa na dashe bai nuna da izini aka sare shi ba, domin gandayen gwamnati da yawa ana kwasar su ba a mayarwa, ana fitar da gungumen zuwa Indiya. Duk da haka gonar tik da aka sare za ta iya dawowa cikin rayuwar mutum ɗaya, tudun madobiya kuwa sai jikoki, in ma ya dawo.

Wanda na fi so a waiwaya shi ne darbejiya, ko dogonyaro, ko maina, ko bedi, gwargwadon garin da ka fito. A 1928 aka fara dasa ta a Borno, yau ba garin da babu ita daga Maiduguri zuwa Sakkwato zuwa Damagaram. Mun ɗauke ta itacen inuwa da maganin zazzaɓi da makamashi, mun manta 'yar dangin madaci ce. Zuciyar tsohuwar darbejiya ja ce, mai nauyi, mai ɗaci, gara ba ta cika son ta ba. Kafintoci suna ƙorafin cewa jijiyarta a murɗe take, tana gardama wajen gogewa, gungumenta kuma gajere ne. Gaskiya ne, amma benci ba ya buƙatar falanki mai ƙafa goma sha biyu. Kuma tana da halin da madobiya ba ta da shi: ka sare ta, ta tofo. A kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara jera darbejiya layi-layi don tare iska, tare da taimakon ƙungiyar CARE, daga baya manoma suka riƙa sassabe kawunanta bi da bi suna samun sanduna da itace, layukan kuma suna nan tsaye suna kare gero. A yankin Maraɗi da Damagaram, sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a rage masa rassa a rene shi, ya mayar da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Yawancinsu irin su gawo ne, wanda katakonsa ba na waje ba ne kuma aikinsa a tsaye yake, amma abin da manoman nan suka tabbatar shi ne, mutum yana kula da itace in ya san nasa ne kuma zai ci moriyarsa. Kasuwar da ke sayen katakon darbejiya daga hannun wanda ya rene ta tana ba shi dalilin dasa wata.

Turare, wanda aka dasa a shingayen tare hamada na Kano da Jigawa da gandun Afaka kusa da Kaduna, jan irinsa yana da ƙarko sosai, sai dai mai tsagewa ne, yana son bushewa a hankali da yanka ƙanana. Malaina, wadda aka dasa dubban kadada a Omo da Oluwa don masana'antar takarda, mara nauyi ce, tana zama lafiya in ta bushe, tana karɓar fenti, amma ba ta son taɓa ƙasa. Ta dace da kujerar da ke ƙarƙashin rumfa. Afara da obeche na cikin ɗaki ne, duk wanda ya ce maka za su kwana a waje, araha yake sayar maka, araha kuwa ba ta ado.

Akwai kuma katakon da an riga an biya kuɗin sararsa tun zamanin kakanni. Kullum ana rushe tsofaffin gidaje a cikin birane, ana fitar da azara ta giginya da ta shekara sittin ko ɗari tana ɗauke da soro, da ƙyamaren ƙofa da tagogi na loko da madaci daga tsofaffin gidajen ma'aikata. Yawanci murhu suke ƙarewa. Wannan katako ya gama duk motsin da zai yi, gara ta gwada shi ta haƙura. Azara tana da tsini-tsinin zare da ke shiga hannu, sai an goge ta sosai, amma a matsayin ƙafa ko gindin benci ba ta da na biyu. Sabuwar azara kuwa sai a yi hattara, giginya takan ɗauki shekaru da dama kafin jikinta ya yi ƙwari, shi ya sa a yankin Gaya na Nijar, inda kurmin giginya na Dallol Mauri yake, aka tsara sararta da sa hannun mutanen ƙauyukan.

Ko da katakon ya yi kyau, aikin hannu ne ke ƙarasa hukunci. Bakin katako, inda aka yanke shi a gicciye, kamar tarin ƙananan bututu yake, yana zuƙar ruwa fiye da gefe nesa ba kusa ba. Ƙafar benci kuwa bakin nan ne take dafa ƙasa da shi. Ɗora ta a kan dutse ko daɓen siminti, ko a buga mata guntun roba a ƙasa, ya fi kowane magani. Wurin zama in aka yi shi da siraran falankai da 'yar tazara tsakani, ruwa zai zube, iska ta ratsa, kowane falanki ya yi motsinsa ba tare da ya tsage ba, ga shi ana iya fitar da su daga ƙananan gungume. Haɗin da aka fafe rami aka zura harshe a ciki ya fi na ƙusa riƙo. In za a sa ƙarfe, a sa noti ko ƙusa marasa tsatsa, domin baƙin ƙarfe in ya haɗu da ruwa da ɗacin wasu itatuwa yakan bar baƙin tabo ya kuma ci katakon da ke kewaye da shi. Banish a rana ba ya shekara, yakan ɓare, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya maƙale. Man katako da ke nutsewa ciki, ko fenti mai kyau da ake sabuntawa kafin damina, sun fi shi. Baƙin man mota da wasu ke shafawa yana korar gara na ɗan lokaci, amma dattin inji ne, ba abin da za a sa a inda yara ke zama suna cin abinci ba. Haka katakon da aka dafa da magani a masana'anta, mai ɗan launin kore: yana daɗewa, amma wani irinsa yana da guba, kada a taɓa hura wutar girki da guntayensa.

Da muka tashi sake bencin, mai walda ya yi mana ƙafafun ƙarfe, abin da ya rage yawan katakon da kusan rabi. Falankan kuwa daga wata tsohuwar darbejiya suka fito, wadda iskar farkon damina ta karya a bayan makarantar allon unguwarmu. Muka nemi izinin malamin da ya dasa ta, muka biya shi, aka kai gungumen inji. Tsohon kafintan nan ya ware duk mai farin baki ya ajiye gefe, ya jera sauran a zaurensa, ya ce kada wanda ya tambaye shi sai bayan hunturu ya wuce. Dattawa suka koma tabarma wata bakwai, suna aiko ni in ji ko an gama, yana cewa, "Ka gaya musu katakon bai gama shan iska ba."

Bencin ya ga damina huɗu yanzu. Launinsa ya dushe, akwai 'yar siririyar tsaga a bakin falanki ɗaya wadda ba ta ƙaru ba tun shekarar farko. Kututturen da ke bayan makarantar ya fitar da toho biyar, malam ya sa almajirai suka cire uku suka bar biyu, kuma sun riga sun wuce tsayin katangar.